Ɗura Ta Kashe Dokin, Sakaci Ya Cinye Diyyar

Masu dawaki da masu kiwon gida na cikin birni, da ku nake. Na daɗe a aikin likitan dabbobi, amma ban cika ganin asarar da ta ƙona mini rai irin wadda aka yi a wani gida da ke lungunan Ƙofar Na'isa a Kano ba. Zan ba da labarin yadda ya faru, ban da sunan kowa.

Mai gidan ɗan kasuwa ne. Bayan gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, yana cikin waɗanda suka tsorata suka yi wa shagunansu inshora. Wakilin kamfanin da ke zuwa karɓar kuɗin shekara ne ya ga doki a turke wata rana, ya ce ai shi ma ana yi masa. Hurde ne ingarma, daga kasuwar Maigatari aka kawo shi, dokin da in ya fito kilisa sai an tsaya kallo. Alhaji ya biya, aka miƙo masa takarda mai shafuka da yawa da Turanci, ya jefa ta cikin akwati. Bai karanta ba, bai ba wani ya karanta masa ba. Abu ɗaya ya riƙe a ka: in doki ya mutu za a biya.

Cikin bazara aka ba wasu samari hayar dokin, za su raka ango. Suka wuni a kansa cikin rana, suka dawo da shi bayan magariba sharkaf da gumi. Yaron barga ya ji tausayinsa, ya cika masa kwano da gero da busasshiyar dusa, ya ƙara da harawa. Ruwa kuwa rabin bokiti, don ranar 'yan garuwa ba su shigo lungun ba. Kafin asuba doki ya fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya yi birgima, kuma ba kashi.

Yaro ya buga wa Alhaji waya. Alhaji ya ce a kira mai allura. Kowace unguwa tana da irinsa: jaka a bayan babur, sirinji ɗaya na rago da na kare da na doki, ba rajista, ba makaranta. Ya zo ya danna diclofenac, ya bi da dexamethasone, ya ƙara oxytetracycline wai ko da zazzaɓi. Bai saurari ciki ba, bai ƙirga bugun zuciya ba, ko leɓen dokin bai ɗaga ba. Sannan ya yi abin da ya kashe shi. Ya sa aka ɗaure kan dokin sama a reshen darbejiya, aka jawo harshe gefe, ya shiga ɗura masa man gyaɗa da ruwan kanwa da kwalbar lemo, kwalba bayan kwalba. Doki na tari yana fizge-fizge, shi kuwa yana cewa a riƙe da kyau, magani ne ke shiga.

Washegari doki ya yi kashi. Aka yi murna, har aka ƙara wa mai allura na goro. Bayan kwana biyu ya daina cin abinci, ya tsaya cak ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya yana jan numfashi. Sai a lokacin aka neme ni.

Tun daga zaure na ji warin. Majina mai ruwan ƙasa na zuba ta kafofin hanci biyu, ga ɗoyi. Zafin jiki ya haura 40, bugun zuciya ya wuce 80 a minti. Na ɗaga leɓe, dasashi ya yi ja mai duhu da layi shuɗi-shuɗi a gindin haƙora, na danna yatsa launin ya ƙi dawowa da wuri. Na sa abin sauraro a ƙirji: daga sama ana jin ruwa na motsi da kowane numfashi, daga ƙasa shiru. Ciki kuwa yana aikinsa lafiya lau. Ciwon cikin da aka kira mai allura dominsa ya riga ya warware. Man da ya sauka huhu ne ke ruɓar da shi.

Na ɗaura ƙarin ruwa, na fara penicillin da gentamicin da metronidazole, na ba da flunixin, sannan na gaya wa mai gidan gaskiya. Na ce, "Alhaji, sai haƙuri, da wuya ya kai safe." Ya ce, "Ba komai, Likita, haka Allah ya ƙaddara. Da sauƙi ma tunda yana da inshora." Na ce an sanar da kamfani? Ya ce a sanar da su me, ai bai mutu ba.

Na roƙe shi ya ɗauko takardar. A zauren na karanta ta da fitilar waya, kuma kowane shafi na buɗe sai gabana ya ƙara faɗuwa. A sanar da kamfani cikin awa 24 da fara ciwo. Likitan dabbobi mai rajista ne kaɗai zai taɓa dabbar. Ba a ɗauke mushe sai wakilin kamfani ya gani kuma likita ya buɗe shi ya rubuta rahoto. Kuma an rubuta dokin a matsayin na hawan mai shi, ba na haya ba. Na ce, "Alhaji, sharuɗɗa uku sun riga sun karye. Ka ceci ɗayan da ya rage. Ka buga musu yanzu, ka kuma tura saƙo a rubuce. In ta Allah ta kasance, kada kowa ya taɓa shi sai na zo."

Doki ya faɗi cikin dare. Da hantsi na iso, turke wayam. Maƙwabta sun yi ƙorafin wari, zafi ake zubawa, kuma ban ga laifinsu ba. Tun da aka rushe tsohuwar ƙofar a 2010 aka faɗaɗa titi, mota na samun hanya har bakin lunguna da yawa, saboda haka ba a sha wahalar samun a-kori-kura ba. Samari suka ja shi da igiya aka kai bayan gari. Ba hoto, ba saƙo, ba wanda ya kira ni.

Bayan 'yan makonni sai ga Alhaji da fom a hannu, kamfani ya ƙi biya. Ya ce, "Likita, taimakona za ka yi. Ka rubuta cewa kai ka duba shi tun ranar farko, kuma ka buɗe shi ka ga hanji ne ya murɗe." Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni, wannan ba zan rubuta ba." Ƙarya ce, zamba ce, kuma rajistata da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN, za ta tafi a kanta. Ya fita yana cewa inshora damfara ce, likitoci kuma ba su da tausayi. Mai allura kuwa har yau yana yawo da jakarsa.

Takardar inshora ba laya ba ce. Ba ta warkar da dabba, ba ta kuma biyan sakaci. Wanda ya kira mai allura ya yaga takardarsa da hannunsa. Wanda ya jefar da mushe ya jefar da diyyarsa.

Shi ma wakilin da ya sayar da takardar yana da nasa kason laifin, babba ma. Ya san Alhaji ba ya karanta Turanci. Ya karɓi kuɗi, ya ba da rasit, bai zauna minti goma ya fassara masa sharuɗɗa huɗun nan ba. Duk wakilin da ba zai iya yi maka bayanin takardarsa da Hausa ba, kada ka ba shi ko sisi. Ka kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, don akwai masu yawo da fom ɗin bogi.

Inshorar dabbobi ba sabuwa ba ce a duniya. A Suwidin tun 1890 ake yi wa dawaki da dabbobin gona inshora, kare kuwa sai a 1924. A Amurka sai 1982 aka fara, da karyar nan ta fim mai suna Lassie. Abin da matasanmu ke gani a intanet na Ingila da Amurka yawanci inshorar magani ce: ka kai kyanwarka asibiti, kamfani ya biya kuɗin aiki, ban da kason da aka ce kai za ka ɗauka. Ko a can ma akwai kwanakin jira, galibi 14 kafin a fara ɗaukar ciwo, kuma ba a biyan ciwon da dabba ta shigo da shi. Abin da aka fi samu a nan inshorar mutuwa ce. Ba ta sayen allura ko ɗaya. Takardar Alhaji irin wannan ce, kuma inda tunaninsa ya karkace ke nan: tunda za a biya in ya mutu, me zai sa a kashe kuɗin likita? Alhali sharaɗin biyan shi ne a nuna an yi iya ƙoƙari kada ya mutu.

Gwamnati na da nata tsarin. A 1987 aka ƙaddamar da inshorar aikin gona, aka kuma kafa hukumar NAIC da doka a 1993. Gwamnatin tarayya da ta jiha ke ɗaukar rabin kuɗin a kan amfanin gona da dabbobin kiwon da ke cikin tsarin tallafi, shi ya sa masu gidan kaji da suka ci bashin banki suka santa. Mai dabba ɗaya a turke, ka tambaya a rubuce ko irin taka tana cikin tallafin kafin ka yi lissafi da shi. Waɗanda kuma zuciyarsu ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, kuma suna da yawa a cikin birni, akwai takaful. A Sudan aka fara kamfaninta na farko a 1979, a Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013. Amma kada wani ya ɗauka takaful za ta biya mushen da ba a gani ba. Asusun jama'a ne, amana ce, ita ma sai da shaida.

Kafin ka sa hannu, ka tambaya: mutuwa ce kawai ko har da magani? Waɗanne cututtuka aka cire? Ciwon ciki yana ciki? Sata fa? Awa nawa aka ba ni in sanar, kuma ta wace lamba? A kan nawa aka ƙiyasta dabbar? In kana ba da haya, ka faɗa a rubuta. In dokin sukuwa ne ko na folo, ka faɗa a rubuta. Kuɗin zai ƙaru, amma ɓoyewa ke soke takardar gaba ɗaya. A ɗauki hoton dabbar ta ɓangarori huɗu, a nuna farin goshi da na ƙafa. A ajiye katin rigakafi da rasit na kowane magani a jaka ɗaya da takardar. Lambar kamfani da ta likita su kasance a wayar yaron barga, don shi ke kwana da doki, ba kai ba.

Kuma a daina ɗura. A daina ɗura wa doki mai ta baki. In ana bukatar a sa wani abu a ciki, da bututun hanci ake sawa, likita ne kuma ke sawa bayan ya tabbatar inda bututun ya sauka. Ba na son in sake jin "ai haka kakanninmu ke yi". Na ga huhun da wannan magana ta ruɓar. Dokin da ya wuni a rana, a bar shi ya huce, a ba shi ruwa ya ƙoshi, sannan harawa, hatsi daga baya kuma kaɗan. A daina jibga allurar kashe zafi iri biyu a dabbar da ba ta sha ruwa ba, ƙoda ce ke biya. Allurar tetanus ba ta kai kuɗin buhun dusa ba, ga ƙusoshi da gwangwanaye cike da lungunanmu. Damina na zuwa da ƙananan ƙwarin da ke yaɗa cutar dawakin Afirka, a nemi likita tun kafin ruwa ya zauna. Kada a ba doki abincin kaji. Masu magen waje, paracetamol na kashe kyanwa. Masu karen gadi, rigakafin haukan kare duk shekara.

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa yin inshora ba, kuma ba dole ba ne. Ragon layya ɗaya ko kyanwa ɗaya ba lallai su ci wannan ɗawainiya ba. Amma a ware kuɗin magani. Duk wata a ajiye wani abu da sunan dabbar, ko masu dawakin unguwa su haɗa adashe su ɗauki likita ɗaya mai rajista yana zagaya bargoginsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin waɗanda ke kiran mai allura da asuba ba don sun yarda da shi ba ne, don aljihu babu kuɗin likita ne a wannan sa'ar. Mutum zai sayi sirdi da jalala na dubban ɗaruruwa, a ce ya ajiye kuɗin gwaji sai ya ce Allah zai kiyaye.

A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, duk muka yi alfahari. Dawakin nan su ne hawan, kuma amana ce a wuyan masu su. In kana da takardar inshora a akwati, ɗauko ta yau ka ba wanda zai karanta maka ita kalma bayan kalma. In ba ka da ita, buɗe asusun magani. Duk wanda ya zo da sirinji wajen dabbarka, ka tambaye shi lambar rajistarsa, in ya fara kame-kame ka sallame shi tun daga zaure.