Hoton Ƙasa Daga Sama da Littafin Malamin Hakimi

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta yi iyaka da babban gari. Za mu yi misali da unguwar Runjin Sambo ta birnin Sakkwato, don sunanta kaɗai ya isa darasi. Kowa ya san runji gona ce da 'yan bukkokin masu nomanta, can bayan gari. Ga shi yau Runjin Sambo tana tsakiyar jama'a, ga kwalta, ga kantuna. Gari bai taɓa zuwa ya yi sallama ya ce zai ci gonar wani ba. Katanga ɗaya ake ja bana, baɗi a ja biyu, har a wayi gari wanda ya san inda burtali ya bi ya rasu, ba kuwa a rubuta ba.

To, yanzu akwai shaidar da ba ta mantuwa, watau hoton ƙasa da ake ɗauka daga sama.

Yadda Ake Ɗaukar Hoton

Tun zamanin En'e jiragen sama sukan ɗauki hoton ƙasa domin ma'aikatan safiyo su zana taswira, amma akan yi shekaru da yawa kafin a sake ɗaukar wuri guda. Tauraron ɗan adam kuwa kewaya duniya yake yi dare da rana. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sa'an nan NigeriaSat-2 a 2011. Ƙasashen Turai suka fara harba Sentinel-2 a 2015, waɗanda ke komowa kan wuri guda kamar kowane kwana 5, hotonsu kuma kyauta ne.

Sai dai a lura, ba kowane hoto ke nuna katanga ba. Hoton haɗe yake da ƙananan ɗigo, kamar saƙar tabarma, kowane ɗigo yana wakiltar wani yanki na ƙasa. A hoton Landsat na yanzu ɗigo guda mita 30 ne kowane gefe, watau kamar fili biyu masu ƙafa 50 da ƙafa 100 an haɗa su. Irin wannan yana nuna inda gari ya nufa cikin shekara 20 ko 30, amma ba ya nuna gidan kowa. Na Sentinel-2 mita 10 ne. Taurarin kamfanoni, waɗanda ake sayen hotonsu da kuɗi, sukan kai ƙafa guda, a ga rufin ɗaki, a ga mota.

In ana son ganin abin da ya fi haka sai a tashi ɗan jirgi marar matuƙi. Yakan yi shawagi kamar ƙafa 300 ko 400 bisa unguwa, yana kai da komo layi layi kamar mai huɗa, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kowanne ya hau gefen ɗan'uwansa. Kwamfuta ta ɗinke su su zama taswira guda, wadda ɗigonta bai wuce inci ɗaya ko biyu ba. A nan har ramin harsashi da tarin bulo da yashi sukan fito sarai.

Ma'aikaci yakan ɗauki taswirar awon Gwamnati, wadda ta nuna inda aka bar wa hanya da makaranta da makabarta da magudanar ruwa, ya shimfiɗa ta kan hoton bana. Duk rufin da ya faɗa inda aka rubuta hanya, ya fito ke nan. Sa'an nan ya jawo hotunan shekarun baya ya ga shekarar da aka aza shi. Aikin da ofisoshin taswirar filaye ke yi ke nan, irin su AGIS a Abuja, da KADGIS a Kaduna, da SOGIS a nan Sakkwato. Malamin da ke da kwamfuta yana iya gwada kaɗan da kansa, ya buɗe Google Earth, ya nemo unguwarsu, ya koma hotunan da suka gabata. Ni dai ban taɓa ganin dattijon da aka nuna wa wannan bai jawo kujera kusa ba.

Abin da Hoto Ba Ya Gani

Hazon hunturu da gajimaren damina suna ɓata hoton tauraro. Itace mai duhuwa yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Hoto kuma rufi yake gani, rufi kuwa yakan zarce bango. Wayar hannu da ke nuna wa mutum inda yake tsaye takan yi kuskuren yadi da dama, saboda haka kada wani malami ya ɗauki waya ya ce zai raba gardamar iyaka tsakanin maƙwabta biyu. Wannan aikin mai safiyo ne.

Babbar gazawarsa kuwa ita ce, hoto yana cewa an yi gini a wuri kaza a shekara kaza, amma bai san mai shi ba. Bai san ko gado ne, ko saye, ko aro, ko jingina ba. Bai san wanda ya tsaya shaida ba. Wannan sani yana wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, mafi yawansa kuwa a ka yake, ba a takarda ba.

Inda Sarauta Take Shiga

A tuna da abin da doka ta ce. Bayan Dokar Filaye ta Jihar Arewa ta 1962, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta zo, ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni ne, Gwamna ke ba da shi. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Wanda ke da takardar mallaka ta Gwamna ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna. Gini a birni kuma sai da izinin hukumar tsara birane. Watau sa hannun mai unguwa a takardar ciniki shaida ce cewa an yi ciniki gabansa, ba ta mai da hanya ta zama fili.

Amma talaka ba haka yake ɗauka ba. A ce wani ɗan kasuwa ya gutsuttsura gona da awon igiya, ya haɗa da bakin kwari inda ruwa ke bi. Wani leburan ya yi shekara 10 yana tari, ya zo cikin bazara, ƙasa a bushe ƙamas, ya ga hatimin mai unguwa, hankalinsa ya kwanta, ya biya. Ya yi ɗaki biyu ya sa iyalinsa. Bayan shekara 3 ma'aikata suka zo da hoto, suka shafa wa bangonsa jan fenti. Ɗan kasuwa ya daɗe da cinye kuɗinsa. A da akan ce ai tun tuni akwai gini a wurin, magana ta shiririce. Yanzu za a ajiye hoton shekarar da aka yi ciniki, ga kwari a fili kowa na gani, a ajiye takarda mai hatimi kusa da shi. Tambayar da za ta biyo baya ba leburan za a yi wa ba.

Maganar hanyar ruwa ba wasa ba ce a Sakkwato. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2010 ba su manta ba, sa'ad da Gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci garuruwa a wajen Goronyo, ya yanke hanyar da ta tashi daga gari zuwa mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ruwa ba ya mance hanyarsa. Don haka in za a duba fili a gefen fadama, a nemi hoton ƙarshen damina na shekarar da aka yi ruwa da yawa. Na rani yaudara ne.

Aikin Malami

Abin da muke roƙon kowane malamin hakimi shi ne ya buɗe littafi guda mai bango, ya keɓe shi ga filayen jama'a kaɗai: makabarta, filin Idi, filin makaranta, kasuwa, burtali, mashaya, hanyar ruwa. Kowanne ya sami shafinsa. A tara dattawan da suka san wurin tun suna da rai, a taka iyakar da ƙafa, a rubuta wanda ke gabas da wanda ke yamma, da turakun safiyo in akwai, da ranar da aka taka, da sunayen waɗanda suka halarta. Kwanan wata shi ne ran littafin. Hoto yana da rana da wata da shekara, rubutun da ba shi da su ba za a iya gwama shi da hoto ba.

In mai unguwa ya ga ana haƙa harsashi a wurin da yake shakka, ya sanar a makon nan, malami ya rubuta, hakimi ya aika wa hukumar tsara birane, a riƙe kwafi. Tsai da mai haƙa rami asarar yini guda ce. Rushe gidan da aka yi wa rufi kuwa asarar shekaru ce, ga ƙiyayya da za a gada. In kuma an kawo takardar ciniki, babu laifi hakimi ya ce a dakata kwana 7 a tambayo ofishin filaye. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Saura maganar ranar da jirgin zai zo. Ba kowa ke da ikon tashinsa ba. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta sanar cewa sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Saboda haka hakimi yana da damar ya nemi ganin takardar masu aikin. In ta tabbata, a sa sanƙira ya gaya wa jama'a tun da wuri, gama a wannan zamani na rashin tsaro abin da ke shawagi bisa gida yana tsorata mutane, ga kuma mata a tsakar gida da ya kamata su sani. Ma'aikatan za su shafa farar alama a ƙasa wurare da dama, wadda da ita ake daidaita hoton da awon safiyo. A ja wa yara kunne kada su goge ta ko su taka ta sai jirgin ya sauka.