Yadda Ake Saita Injin Yanka Sitika a Shagon Haɗaka

Duk wanda ya zaga Tamale ya ga aikin wannan inji ko da bai san shi ba: rubutun da ke bayan keken yalo-yalo, lambobin rigunan 'yan ƙwallo, sunayen shaguna a jikin gilashi tun daga Aboabo har Lamashegu. Injin ba ya buga launi. 'Yar wuƙa ce ke bin zanen da kwamfuta ta turo, tana yanka ledar sitika ba tare da ta huda takardar da ke ƙarƙashinta ba. Kuɗinsa kan fi ƙarfin mai fara sana'a, shi ya sa samari ke haɗa hannu su sayi ɗaya. Inda hannu ya yi yawa kuwa, saitin da wani ya bari jiya ba abin dogaro ba ne yau.

A fara da mazauni. A kafa injin nesa da ƙofa, a bar masa fili gaba da baya, domin leda na kai da komowa yayin yanka. Ƙurar hunturu idan ta cika ƙarfen da ke jan leda sai ledar ta riƙa zamewa, layi ya karkace. A ɗinka masa mayafi, a riƙa share ƙarfen da tsohon buroshin haƙori. Wuta ta bi ta sitabilaiza, in da hali a ƙara UPS, don ɗaukewar wuta a tsakiyar yanka asarar leda ce. Kada a haɗa shi soket ɗaya da injin gasa riga. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: a busasshiyar iskar Disamba zuwa Fabrairu leda na tara lantarki a jikinta, har injin ya tsaya cak ko ya ja layi ya tsaga aikin gaba ɗaya, musamman injinan China masu araha. Maganinsa waya ce da za a ɗaura daga jikin injin zuwa ƙarfen ƙafarsa, soket ɗin kuma ya zama mai wayar ƙasa.

Sai wuƙa, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Mai kusurwa 45 ta isa sitika ta yau da kullum, mai 60 kuma ta leda mai kauri ce ko mai ƙyalƙyali. Sabon hannu kan zaro bakin wuƙar da yawa, yana ganin haka za ta fi ci. Kaurin ledar bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, don haka bakin da ake so ya leƙo ɗan mitsitsi ne, wanda yatsa zai ji kafin ido ya gani. Ka cire mariƙin wuƙar, ka ɗora guntuwar leda a kan tebur, ka ja shi da hannu kamar mai rubutu da biro. Idan ledar ta yanku, takardar baya kuma ta sami ɗan zane kawai, ka dace. Idan ta huda takardar, mayar da bakin ciki. Wuƙar da ta yi tsawo tana cinye farar robar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin hanyarta, daga nan kuma aikin kowa a shagon zai riƙa fita wani wuri ya yanku wani wuri bai yanku ba.

Yanzu ɗaga tayoyin da ke matse leda, ka zura leda ta baya, ka daidaita gefenta da layukan da ke jikin injin. 'Yan tayoyin matsi dole su hau kan wuraren ƙarfe masu ƙaiƙayi, ɗaya a kowane gefen leda. Sauke tayoyin, ka tura ledar gaba gwargwadon tsawon aikin, ka dawo da ita. In ta fara gocewa, gara ka gani yanzu. Sannan ka kai wuƙa kusurwar da za a fara, ka danna Origin.

Kada ka tsallake gwaji, ko da kai ne ka yi aiki da safe. Fara da nauyin giram 80 zuwa 100, gudu kuma santimita 10 zuwa 20 a daƙiƙa, ka danna Test. A injin Roland GS-24 zai yanka da'ira da murabba'i a cikinta. Ɓare da'irar: in murabba'in ya zauna a wurinsa, saiti ya yi. In ya biyo ta, ƙara giram 10 ka sake. Idan sai ka yi ta ƙara nauyi kafin leda ta yanku, wuƙar ce ta dakushe, a sauya ta.

A kwamfuta, ko CorelDRAW ko Inkscape, injin layi kawai yake bi, ba ya gane hoto. Ka mayar da rubutunka zane tun a kwamfutarka kafin ka kai shi kwamfutar shago, domin in babu irin harafinka a can, ƙ da ɗ na Hausa da ɣ da ŋ na Dagbanci za su koma akwati ko su ɓace. Zanen riga kuwa sai an juya shi kamar a madubi, a sa gefen leda mai sheƙi yana kallon ƙasa.

Bayan yanka, raba aikin da almakashi, ba da reza a kan injin ba. Tsince ledar da ba a so da allura ko hantsaki, a hankali, daga kusurwa. Mai yi wa makarantar Islamiyya allo ya lura da ɗigon haruffan Larabci, don ɗigo ɗaya in ya bi shara kalma ta sauya. Shimfiɗa tef ɗin ɗauka a kai, ka goge da tsohon katin ATM, ka ɗaga. Wanke wurin mannawa da sifirit ya bushe. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Tamale kan kai digiri 40, kada a manna a ƙarfen da ya sha rana, gam zai kama tun ba a daidaita ba. A shiga inuwa ko a yi da sassafe. Ledar riga yawanci tana son digiri 150 zuwa 160 na daƙiƙa 10 zuwa 15, amma a bi abin da kamfaninta ya rubuta.

Ni a ganina kowa ya mallaki mariƙin wuƙarsa, ya sa masa alama, ya tafi da shi, hakan na kashe rabin gardamar shago. A ajiye littafi kusa da injin, duk wanda ya yi aiki ya rubuta sunansa, irin ledar, nauyi da gudun da ya sa. Kowane aiki a jefa wani abu a asusu don kuɗin mitar wutar NEDCo da sabuwar roba. In ka gama, cire ledarka, ka bar tayoyin matsi a ɗage don kada su lotse, ka kashe injin, ka rufe shi da mayafinsa kafin ka fita.