Raunin Ƙashi da Maganinsa: Kada A Gudu Gara A Faɗa Gidan Zago

Jama'a, kowa ya san itacen da gara ta ci. A ido lafiya lau, sai ranar da aka jingina da shi ya ruguje. Akwai cutar da take yi wa ƙashin mutum irin wannan ɓarna. Likitoci suna ce mata ostiyoforosis, mu kuwa a wannan takarda za mu kira ta raunin ƙashi. Ba ta zuwa da zazzaɓi ko kumburi. Sai dai tsohuwa ta zame a bakin rijiya, irin faɗuwar da a da sai ta tashi ta kakkaɓe zane, amma yau ƙugu ya karye. Ko kuwa a ga tsawonta yana raguwa, bayanta ya ranƙwafa, a ce ai tsufa ne.

Yadda cutar take kama mutum

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo, kamar yadda ake yi wa gida yaɓe kafin damina. Har zuwa wajen shekara 30 gini ne yake kan gaba, daga baya kuma rushewa ta fara rinjaye. Mace idan ta daina al'ada sinadarin istirojin yana raguwa, sai zaizayar ta ƙara sauri. Ƙididdigar masana ta nuna cikin mata uku da suka haura shekara 50, ɗaya za ta samu karaya saboda wannan cuta, cikin maza kuwa ɗaya daga biyar. Ana gano ta da na'urar awon ƙarfin ƙashi mai suna DXA, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994.

Akwai kuma raunin da mutum yake saya da kuɗinsa. Magunguna irin su deksametason da firednisolon, waɗanda wasu ke sha don neman ƙiba har ana ce musu "sha ka fashe", wasu kuma don ciwon gaɓoɓi ba da izinin likita ba, suna cinye ƙashi idan aka daɗe a kansu.

Ƙwayar mako-mako da ƙa'idarta

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne alendronet, wanda ya fito da sunan Fosamax a Amurka a 1995. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 70, sau ɗaya a mako. Aikinta rage saurin rushewar ƙashi. Kukan da aka fi yi da ita shi ne ƙwannafi da zafin ƙirji.

Bari mu kawo misali. Wata dattijuwa ce likita ya rubuta mata wannan ƙwaya bayan ta karye a wuyan hannu. Da safe sai ta haɗiye ta da koko, ta koma tabarma ta kishingiɗa. Kafin hantsi ƙirji ya ɗauki wuta. Mako na uku sai ta tura kwalin ƙarƙashin katifa, ba wanda ta gaya wa. Ranar da 'yarta ta zo gyaran ɗaki ta ci karo da shi.

"Inna, ashe ba kya shan maganin nan?"

"Ke 'yar nan, rabu da ni. Maganin da ke ƙona mini ƙirji, ina amfaninsa?"

To, laifin ba na ƙwayar kaɗai ba ne. Ga ƙa'idarta:

Na ɗaya, a sha ta da sassafe, ciki ba komai.

Na biyu, a sha da ruwa zalla, kofi cike. Ban da koko, ban da kunu, ban da shayi da madara. Ko an bi ƙa'ida, abin da jiki ke tsotsa daga ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan abinci ya shiga tsakani, kusan an yi asarar ta ke nan.

Na uku, a haɗiye ta ɗungurum, kada a tauna, kada a tsotsa.

Na huɗu, a zauna a miƙe ko a yi ta zirga-zirga har minti 30 kafin a ci wani abu, kuma kada a kwanta sai an karya kumallo. Saboda haka ya fi dacewa a sha bayan an idar da sallar Asuba, tunda ruku'u da sujada suna iya maido da ita maƙoshi. A watan azumi, a tambayi likita yadda za a tsara ta kafin sahur.

Wanda haɗiya ke yi masa wuya, ko ba ya iya zama a miƙe, ko ƙodarsa ta yi rauni sosai, wannan ƙwaya ba tasa ba ce.

Alamomin da ba a yi musu haƙuri

Akwai illoli biyu da ba safai ake samunsu ba, amma dole a san su. Ta ɗaya, lalacewar ƙashin muƙamuƙi, wadda takan biyo bayan cire haƙori. Don haka a ga likitan haƙori kafin a fara magani, kuma duk ranar da za a cire haƙori a faɗa masa abin da ake sha. Ta biyu, wata irin tsagewar ƙashin cinya ga waɗanda suka yi shekaru a kan maganin. Alamarta ciwo mai naci a cinya ko matsematsi ba tare da an bugu ba. Wanda ya ji wannan, ko ya ji zafi wajen haɗiya, ko ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, ya garzaya asibiti. Amma a lura, karayar da maganin ke hanawa ta ninka wadda yake jawowa nesa ba kusa ba.

Idan wannan bai karɓe ka ba, akwai wani

Akwai zoledronet, wanda ake sa wa mutum ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, ba ya kuwa bi ta ciki balle ya tayar da ƙwannafi. A karon farko yakan kawo zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura na kwana biyu ko uku. Shan ruwa sosai da farasitamol suna sauƙaƙa shi, kuma karo na biyu yakan zo da sauƙi.

Akwai denosumab, mai sunan kasuwa Prolia, allura ce duk wata shida. Ga gargaɗi babba a kanta: ba a dakatar da ita kwatsam, ba a kuma jinkirta ranarta. Idan aka bari ba a maye gurbinta da wani magani ba, ƙashin baya yana iya karyewa a wurare da yawa cikin 'yan watanni. Wanda ba shi da tabbacin samun kuɗin allura ta gaba ya faɗa wa likita tun kafin a yi ta farko.

Akwai raloksifin na mata, amma ba a ba wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya. Ga wanda cutar ta yi wa tsanani akwai terifaratayid, allurar kullum mai gina sabon ƙashi, wadda aka saba yi zuwa shekara biyu. Mai shan alendronet kuma, bayan shekara biyar likita yakan sake awo ya ga ko za a ba shi hutu. Likita ne mai ba da hutun, ba majinyaci ba.

Abinci, rana da motsa jiki

Magani tamkar magini ne, kalsiyam kuwa shi ne tubali. Dattijo yana bukatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Wani bincike da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna lanƙwashewar ƙafafun yara a can ta fi alaƙa da ƙarancin kalsiyam a abinci, ba ƙarancin bitamin D ba. Ke nan tuwon hatsi kaɗai ba ya wadatarwa. Alhamdu lillahi, gyaran yana kasuwarmu: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Idan ƙwayar kalsiyam tana sa taurin bayan gida, a raba ta biyu, a sha da abinci, a yawaita ruwa.

Bitamin D kuwa fata ce take haɗa shi daga hasken rana. Matan da ba sa fita su riƙa shan hantsi a tsakar gida, hannu da ƙafa a buɗe. A riƙa tattaki kullum, a bar taba da giya. A gyara santsin makewayi, a sa fitila a hanyarsa, a duba yanar ido, kuma riƙe sanda ba abin kunya ba ne.

Sai dai a sani, wanda ya riga ya karye saboda wannan cuta, zogale kaɗai ba zai tsare shi ba. Mai ɗori yana iya haɗa ƙashin da ya karye, amma ba ya ganin garar da ke cin sauran. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake talla kuma, wasunsu ana cakuɗa musu irin magungunan nan masu cinye ƙashi. Duk tsohon da ɗan tuntuɓe ya karya, a kai shi wurin likitocin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a bincika dalili.

Jan hankali

Dattijuwar nan kuwa, da 'yarta ta mayar da ita asibiti, ba sabon magani aka ba ta ba. Lokacin sha kawai aka gyara mata, koko ya jira rabin awa. Da ƙwannafin ya ƙi lafawa, da an koma ƙarin ruwan shekara-shekara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan magani ya dame ka, ɗauki kwalinsa ka koma wurin wanda ya rubuta shi, ka faɗi abin da kake ji da yadda kake sha. 'Ya'ya kuma a riƙa leƙa ƙarƙashin katifar iyaye. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka.