Shawarwari Ga Mai Dasa Itacen Marmari a Gida

A yankin Wudil damina wata huɗu ce kacal, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin, mai dashe ne ruwan saman itacensa. Mangwaro, gwaiba, gwanda da ayaba duk suna yi a wannan yanki, amma dashen da bai samu kula ba a ranin farko da na biyu, zafin Maris da Afrilu ke gamawa da shi.

1. Ka yi dashe a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna, don saiwa ta kama ƙasa kafin hunturu.

2. Ka haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, ka cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Ka barbaɗa toka da dakakken ganyen darbejiya a gindi, ka riƙa dubawa.

3. Sayi mangwaro ɗan aure. Yana soma 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, kuma ba lallai ya gaji zaƙin uwarsa ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar auren, tsinke shi. A nisanta mangwaron daga katanga da salga da kamar mita 8.

4. Ruwa shi ne maganar gaba ɗaya. Yayyafin kofi ɗaya kullum ba ya amfani, domin saiwa takan tsaya a sama inda rana ke gasa ta. Gara bokiti biyu sau biyu a mako, da almuru, a cikin ɗan kwarin da aka zagaye gindin da shi. Inda ƙasar gidan jigawa ce mai saurin shanyewa, a binne tulun da ba a shafe ba kusa da dashen, a cika shi, a rufe bakinsa. Zai riƙa tsattsafo wa saiwa ruwa a hankali. Sannan a lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ma kada a zubar a banza, uwargida ta juya makwararsu wajen ayaba. Babban mangwaro kuwa, a ɗauke masa ruwa bayan damina. Wannan ƙishin ne ke sa shi fure da hunturu.

5. Gwanda akwai mace da namiji. Shuka uku a rami guda, idan sun yi fure ka bar macen. Ba ta jure kwanciyar ruwa, a ɗaga mata ƙasa.

6. Keji na ƙaya tun ranar dashe. Akuya ba ta jira.

7. Gwaibar da ta faɗo da tsutsa a tsince a binne da zurfi, in ba haka ba ƙudan da ke haifar da tsutsar zai sake ƙyanƙyashewa.

8. Wajen ado, na fi son mu riƙe namu na gida. Lalle yana yin shinge, furensa na da ƙamshi, ganyensa kuma mata na buƙata. Kariya tana fure ja a tsakiyar rani ba tare da wahalar ban-ruwa ba, sai dai ruwan jikinta guba ne, don haka a dasa ta inda yara da dabbobi ba sa kaiwa.