Darasi: Wa Za A Fara Ba Hanya A Layin Intanet Na Gida?

Darasinmu na yau ya shafi gidajen da mutane da yawa ke tarayya a kan layin intanet guda. Sau da yawa mutum yana magana da mahaifiyarsa da ke wata ƙasa, sai murya ta riƙa yankewa, alhali an biya kuɗin layi mai ƙarfi. Mene ne dalili?

Na farko, mu san faɗin layi. Shi ne yawan bayanan da layi ke iya ɗauka a cikin daƙiƙa ɗaya, ana auna shi da megabit. A layuka da yawa, hanyar aikawa ta fi hanyar saukowa ƙunci. Kiran murya kuwa ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na megabit ɗaya. Ashe ba ƙarancin faɗi ne ke kashe shi ba, jira ne.

Na biyu, duk abin da aka aika ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa yawanci ba ta wuce bayit 1,500 ba. Idan suka yi wa layi yawa, sai su jeru a cikin rauta, wato akwatin nan da ke raba intanet a gida. Ku duba famfon unguwa: mai ƙaton duro yana gaba, yaro mai kofi yana baya. Ruwan da yaron ke so kaɗan ne, amma dole ya jira duron ya cika.

Ga lissafi. A ce hanyar aikawa megabit 2 ce a daƙiƙa, wani kuma yana ɗora bidiyo har kilobayit 250 suka taru a jere. Bayit ɗaya bit 8 ne, ke nan megabit 2 ne suka taru, muryarka za ta jira daƙiƙa guda cur. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 daga mai magana zuwa mai sauraro. A shekarar 2010 injiniya Jim Gettys ya ja hankalin masana a kan wannan cunkoso, a 2012 kuma Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel domin rage shi.

Na uku, magani:

1. Ku auna saurin layinku safe da dare, lokacin da ba kowa a kai, ku riƙe adadi mafi ƙanƙanta.

2. Ku shiga saitin rauta ku nemi wurin da aka rubuta QoS ko SQM.

3. Ku sa iyaka wajen kashi 90 cikin 100 na abin da kuka auna. Da haka jerin zai tsaya a cikin rautarku inda kuke da iko, ba a na'urar kamfani ba.

4. Ku sa kira da darasin kai tsaye a gaba, saukar da manyan fayiloli a baya.

Amma a kula: wannan tsari ba ya ƙara faɗin layi, rabo kawai yake gyarawa. Kuma idan aka fifita komai, ba a fifita komai ba. Saboda haka a zauna da mutanen gida a yi shawara kafin a taɓa saiti, don kada gyara ya jawo husuma.

Aikin gida: idan hanyar aikawa megabit 4 ce, kilobayit 250 kuma suka taru, yaya tsawon jiran zai kasance? Sai mun ji daga gare ku.