Aikin Otal a Lokacin Hajji: Mene ne Hakkina?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya ce an yi masa tayin aikin wata uku a otal a Makka lokacin Hajji, yana tambayar wane hakki yake da shi.

To malam, fara duba bizar. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki. In an kama ka kana aiki da ita, tara ce da kora, ga wuyar neman hakkinka. Dokar ƙwadagon Saudiyya ta ƙayyade awa 8 a rana, 48 a mako. A lokacin cunkoso ana iya kaiwa awa 10, amma kowace awar ƙari sai an biya ta da ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Nan ake yawan cutar masu gyaran ɗaki da 'yan kicin, domin ba mai lissafi. Kai ka riƙa rubuta awannin aikinka kullum.

Kuɗin biza a kan mai otal yake, kuma ba shi da ikon riƙe fasfonka. In ya hana albashi, kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago. In sulhu ya gagara, sai kotun ma'aikata.