Darasin Juma'a: Sabon ɗan kwangila, da wane suna za ka karɓi aiki?



A 'yan watannin nan samari da dama daga cikin jama'armu sun same ni bayan salla da tambaya iri ɗaya. Wani birkila ne, wani mai wayarin, wani mai walda, wani kuma kujeru da tebura yake kai wa makarantu. Duk sun gaji da aiki a ƙarƙashin wani, suna so su fara karɓar kwangila da kansu. Tambayar ita ce: "Sakatare, wace rajista zan yi, kuma yaya maganar haraji?" Shi ya sa na ce bari darasin wannan mako ya tsaya a kan haka.

Zan fara da abin da ya sami wani ɗan'uwanmu, kuma da izininsa nake faɗa. Ya sami aikin gyaran ajujuwa, aka ce ya kawo takardun kamfani, ba shi da su. Sai ya ari na wani mutum, da sharaɗin za a ba mai kamfanin wani abu. Ya yi aiki tsaf. Amma da aka tashi biya, asusun mai kamfani kuɗin suka shiga. Ya yi wata uku yana sintiri kafin a ba shi, shi ma an yanke fiye da abin da aka yi magana. Harajin da aka cire daga kuɗin, da sunan mai kamfani aka rubuta. Takardar shaidar kammala aiki ma haka. Yau in aka ce ya kawo shaidar aikin da ya taɓa yi, ba shi da ko ɗaya. Hausawa sun gama magana: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hanyoyi uku na yin rajista

Hukumar da ke rajistar kasuwanci a Najeriya ita ce CAC, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ita ce dokar kamfanoni ta 2020. Ga mai farawa, hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta farko, rajistar sunan kasuwanci. Ita ce wadda kuke gani a allunan shaguna a Jekadafari da Tashar Dukku, wane da 'ya'yansa, wane Enterprises. Ta fi sauƙi, ta fi arha, kuma da ita za ka buɗe asusun banki da sunan sana'arka. Sai dai ka sani, a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne. In ka ci bashin buhun siminti ɗari biyu aiki ya lalace, mai bashi yana iya bin babur ɗinka da filinka na Tumfure.

Ta biyu, haɗin gwiwa, wato mutum biyu ko fiye su yi rajistar suna ɗaya. Mu baƙi mun fi kowa yin wannan, domin ɗan garinku shi ne farkon wanda ka yarda da shi. To, a irin wannan haɗin, bashin da abokinka ya ciyo da sunan kasuwancin, kai ma yana wuyanka. Kuma a nan ne zumunci ya fi lalacewa. Don Allah ku rubuta: nawa kowa ya sa, wa ke riƙe kuɗi, yaya za a raba riba, yaya za a raba asara, in ɗaya ya rasu ko ya koma gida me za a yi. A sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa shaidu take, don haka babu maganar kunya a nan.

Ta uku, kamfani, wanda ake rubuta Ltd a ƙarshen sunansa. Shi wannan doka ta ɗauke shi kamar wani mutum ne daban da kai: yana da dukiyarsa, yana da bashinsa, ana iya kai shi ƙara shi kaɗai. A da sai mutum biyu ake kafa shi, amma tun daga 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani, kuma mafi ƙarancin hannun jarin da za a rubuta shi ne naira 100,000. Nauyinsa ya fi yawa: lissafi a rubuce, kuɗin kamfani daban, na cefane daban, kuma sau da yawa sai ka nemi akanta. Wannan kariya ta kotu ce fa, 'yan uwa. Haƙƙin lebura da na mai yashi ba ya faɗuwa a wurin Allah don an rubuta Ltd.

To wanne za ka zaɓa? Ka tambayi kanka abu biyu. Wa zai ba ni aiki? In masu gidaje ne da 'yan kasuwa da ƙananan makarantu, sunan kasuwanci ya ishe ka farawa. In kana hangen ayyukan ma'aikatu, manyan kamfanoni ko ƙungiyoyin agaji, da yawansu kamfani suke nema. Na biyu: in aiki ya lalace, asarar za ta kai nawa? Wanda ke ɗaukar kayan miliyoyi bashi, da leburori a kan bene, ya fi mai gyaran fanka buƙatar kamfani. 'Yan uwanmu 'yan Nijar da Chadi da Kamaru, ku lura: kamfanin da ɗan wata ƙasa ke da hannun jari a ciki yana da ƙarin sharuɗɗa, har da rajista da hukumar NIPC. Ku ga lauya kafin ku biya kowa kuɗi.

Wa za ka biya haraji?

Irin rajistarka ce ke faɗa. Mai sunan kasuwanci da 'yan haɗin gwiwa harajin mutum suke biya, kuma jiha ke karɓa. Ga inda baƙi ke ruɗewa: wannan haraji inda kake zaune yake bi, ba garin haihuwarka ba. In kai Bakatsine ne ko Basakkwace amma a Bolari ko Pantami kake zaune da iyalinka, Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Gombe ce taka. Ana miƙa bayanin kuɗin shigar shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026, naira 800,000 ta farko a abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Kuma a kan riba ake lissafi, ba a kan jimillar kuɗin kwangila ba, in dai kana da rasit na abin da ka kashe.

Shi kuwa kamfani, gwamnatin tarayya yake biya, ta hukumar da muka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS. Tun dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba an ɗauke masa harajin riba, kuma sabuwar doka ta ƙara ɗaga wannan iyaka. Amma yafe biya ba yafe kai bayani ba ne. Ko aiki ɗaya ba ka yi ba, sai ka kai bayanin shekara, cikin wata shida bayan rufe lissafinka. In ka ƙi, tara na taruwa shiru har ranar da za ka je neman takarda.

Kuɗin da ake cirewa kafin a biya ka

Nan ne sabon ɗan kwangila ke shan mamaki. Ma'aikata ko babban kamfani ba ya biyan ka cif, sai ya cire wani kaso ya kai wa hukumar haraji da sunanka. A ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2025, aikin gina gini ko hanya kashi 2 ne cikin 100, kai kaya ma kashi 2, aikin ba da shawara ta ƙwararru kashi 5. Wanda ba shi da lambar haraji, wato TIN, ninki biyu ake cire masa.

Misali, aikin gini na naira miliyan 5. Mai TIN za a cire masa 100,000, marar TIN 200,000. Wannan kuɗi bai ɓace ba, kafin alƙalami ne na harajinka. Ka nemi takardar shaidar cirewa, ka adana, a ƙarshen shekara a rage maka. Wanda ya yi aron kamfani, mai kamfanin ne ya ci wannan.

Sai VAT, kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020. Kafin ka sa hannu ka tambaya a fili: kuɗin nan da VAT a ciki ne ko ban da shi? In a cikin miliyan 5 ɗin yake, kusan naira 349,000 ba naka ba ne. Ɗan kwangila da yawa ribarsa a nan ta tafi, ya zo yana cewa an cuce shi, alhali tambaya ɗaya ce bai yi ba.

Abin da za ka yi daga wannan mako

1. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka a NIN da BVN iri ɗaya ne, domin saɓani a nan yana tsayar da rajista da asusun banki.
2. In wani zai yi maka rajista, ka sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba nasa ba, kuma ka duba sunan a shafin CAC da idonka.
3. Ka buɗe asusu na aiki kaɗai.
4. Ka sayi littafi ɗaya da jakar takardu ɗaya. Kowane buhu, kowane tifa, kowane ladan lebura, a rubuta ranar.
5. Ka riƙa kai wa CAC rahoton shekara-shekara, shi daban yake da na haraji.
6. Ka fara tara takardar shaidar biyan haraji tun yanzu, domin ta shekara uku ake yawan nema a manyan ayyuka.

Wani ya tambaye ni ko harajin da ya biya ya ɗauke masa zakka. A'a, Malam. Haraji na hukuma ne, zakka kuwa in dukiyarka ta kai nisabi shekara ta zagayo, kashi 2.5 cikin 100 yana nan a kanka.

Wanda ke da takardar kwangila a hannu bai gane ta ba, ya same ni bayan La'asar mu karanta tare kafin ya sa hannu. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya ciyar da mu halal, Ya kare mu daga bashi. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci